Kaji Goma Sha Takwas a Gidan Zaituna

Ƙarfe tara da 'yan mintuna Zaituna ta dawo daga bakin titi, inda take soya wa masu jiran motar shiga gari ƙosai. Ta sauke kaya, ta wanke hannu, ta kwance makulli daga bakin zaninta ta buɗe kwaɗon ɗakin kajinta. Ƙafa ɗaya ta sa ciki ta tsaya.

Kaji goma sha takwas ne kwance a ƙasa, ƙafafu a miƙe. Sauran ashirin da biyun sun cure a lungu ɗaya, ba mai ko motsi.

Salatin da ta yi ne ya fito da maƙwabta.

A wannan layin na bayan Kurudu da wuya ka sami gidan da ba kaji. Ma'aikata ne yawanci da 'yan kasuwa, kowa ya kafa ɗan ɗaki a bayan gida, wasu na ƙwai, wasu na nama. A shekarar kuma Kirsimeti da Babbar Sallah mako ɗaya suka faɗo, kuɗi na yawo a Abuja, kaza ta yi daraja. Amma ba wanda ya manta da farkon shekarar, lokacin murar tsuntsaye, da aka riƙa jin labarin ma'aikata masu fararen kaya suna shiga wuri su kashe duk abin da ke da fiffike. Don haka mutane suka tsaya daga bakin ƙofa, mata sun toshe hanci da gefen mayafi, ana kallon Zaituna kamar ita ce cutar.

Wata tara ke nan da zuwanta. An rushe gidan da take haya a Kubwa, ta kwaso mahaifiyarta, tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi, suka kama ɗaki biyu a nan. Ban da kaskon ƙosai, kajin nan arba'in su ne duk abin da ta mallaka.

"Ni dai tun zuwanta hankalina bai kwanta ba," in ji wata daga baya. "Wa ya san abin da ta kwaso daga can?"

"Tare da ku na sayi 'yan tsakin nan!" in ji Zaituna. "Mota ɗaya ta kawo mana su. Ba cuta ba ce, guba aka sa musu." Ta juya ta nuna Larai, maƙwabciyarta ta baya, wadda suka shafe wata biyu suna rigima a kan ruwan kwata. "Ke kika ce sai na bar layin nan. A gaban mutane kika faɗa."

Larai ta riƙe ƙugu. "Na faɗa, ban yi musu ba. Amma ba na kashe abu mai rai don faɗan ruwa. Ki iya bakinki."

Sai Oga Badaruddeen ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, yana hutun ƙarshen shekara, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu kaji ta layin. Kaji sittin gare shi da littattafan kiwo na Turanci. Duk wanda kazarsa ta yi tari wajensa yake zuwa.

"Malama Zaituna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," ya ce a hankali. "In labarin nan ya fita, gobe za a zo a share mu gaba ɗaya. Mafita ɗaya ce. A haƙa rami yanzu, a zuba kananzir, a ƙone matattun da masu ran. Magana ta mutu a nan."

"Har da masu ran?"

"Tare suka kwana."

Wani ya ƙara da cewa in an gama, gara ma ta nemi wani wurin zama. Ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

A daidai nan Baba Maitama ya iso da buhun gawayi a bayan keke, wanda Zaituna ta ce ya kawo mata. Shi ke sayar wa layin gawayi; in sanyi ya sauka kowa na kunna kaskon wuta a ɗakin kaji. Kafin ya koma sayar da gawayi ya yi shekara ashirin da shida yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu ɓarna. Har yanzu ƙasa yake kallo in yana tafiya, shi ya sa baƙi ke ɗauka kunya gare shi.

Ya jingina keken, ya saurara har aka gama. Sannan ya ce, "Yallaɓai, in kun ƙone ba ku san ta inda abin ya shigo ba, gobe sai ya faɗa gidan wani. Ku ba ni zuwa la'asar. Kada kowa ya shiga nan, kada kaza ko ɗaya ta fita daga layin nan."

Badaruddeen ya dubi fuskokin mutane. "Zuwa la'asar," ya ce. "Daga nan kuma sai wuta."

* * *

Da aka watse, Maitama ya sa hannunsa cikin leda ya tsuguna. Ya ɗaga kaza ɗaya, ya juya ta, ya sunsuna, ya ajiye. Ya ɗaga ta biyu. A ta shida ya juyo wajen Zaituna.

"Yaushe kika gan su da rai?"

"Jiya da magariba, Baba. Na ƙirga su kafin in rufe. Arba'in cif."

"Da za ki fita yau kin leƙa?"

"A'a. Da an kira assalatu nake fita, ba na buɗe musu saboda sanyi."

"Inna fa?"

"Ko ganga aka buga a kanta ba za ta ji ba."

Ya buɗe yatsun kazar da ke hannunsa, ya kankaro wani abu da tsinke ya nuna mata a tafin ledar. "Mene ne wannan?"

"Dusar katako."

"Me kike shimfiɗa musu?"

Zaituna ta dubi ƙasan ɗakin. Buntun shinkafa ne, wanda take samowa a injin bakin kasuwa. Ba ta taɓa sa dusar katako ba.

"Ga kuma cikinsu ya fara canza launi," in ji Maitama. "Kazar da ta mutu da asubahin yau ba ta yin haka cikin wannan sanyi. Waɗannan sun kwana biyu da mutuwa."

Ya miƙe ya karɓi kwaɗon, ya ciro makullin shagonsa ya gwada. Ya buɗe. Irin kwaɗon nan ne na araha da rabin layin ke amfani da shi.

Daga nan ya fita ta ƙofar langalanga da ke bayan gidan. Lungu ne ƙarami, ruwan kwatar Larai ya mai da shi taɓo. Ya daɗe a durƙushe yana auna wani abu da ɗan kara.

"Zo ki gani. Sawun baro ne, tayar tana da faci. Wannan zuwa, wannan komawa. Ɓarawo da baro wayam yake zuwa, ya koma da nauyi. Mai guba ba ya bukatar baro ko kaɗan. Wannan kuwa zurfin zuwansa da na komawarsa ɗaya ne. Da kaya ya zo, da kaya ya tafi."

Zaituna ta dafa bango. "Baba, me kake nufi?"

"Matattun nan ba naki ba ne. Kawo su aka yi, aka kwashi naki masu rai. Duk jajaye ne, mota ɗaya ta kawo su, wa zai bambance?"

"To ina nawa?"

"Suna cikin layin nan. Ki riƙe bakinki zuwa la'asar. In mai abin ya ji, kafin azahar an yanka su."

Ya bi sawun har bakin lungu. Daga nan ƙasa ta yi tauri, ƙafafun jama'a sun tattake komai.

* * *

Baro mai facin taya guda ɗaya ne a layin, na Thaddeus kafinta. Maitama ya same shi a rumfarsa yana goge ƙafar kujera. Baron na jingine a gefe.

"Oga Thaddeus, sannu da aiki. Wa ya ari baronka jiya?"

"Baba, wannan baro ba shi da mai shi," in ji Thaddeus da irin Hausarsa. "Kowa yana zuwa ya ɗauka, ba ya tambaya. A nan waje yake kwana."

Maitama ya shafa cikinsa. Akwai ɗan ruwa a kusurwa, yana warin sabulu.

"Kai ka wanke?"

Thaddeus ya ajiye abin gugar. "Shi ne ni ma ya ba ni mamaki. Shekara uku ba wanda ya wanke wannan abu. Yau na zo na gan shi fes. Cikin sanyin nan!"

"Dusar katakonka wa ke kwasa?"

"Ni ina sa ma kajina. Mama Larai yana kwasa. Oga Badaru yana aiko a kwasa." Ya dubi Maitama. "Baba, me ya sa kana tambaya? Ni ban shiga gidan kowa ba."

"Da asuba kana ina?"

"Ina barci."

"Wa ya gan ka?"

"Madam ya tafi gida Kirsimeti da yara. Ni kaɗai ne."

Maitama ya gyaɗa kai. Ya ce a sayar masa da ƙwai biyu na yau, don karin kumallo. Thaddeus ya shiga ya kawo, amma bai yarda Maitama ya bi shi ciki ba.

* * *

A bayan gidan Larai, gindin wata ayaba, akwai sabuwar ƙasa da aka tona aka mayar. An tattake ta da ƙafa, an watsa toka a kai. Maitama na tsaye a wurin Larai ta fito da tsintsiya.

"An aiko ka ka kama ni?"

"Ba wanda ya aiko ni, Mama Larai. Me kika binne?"

"Shara."

"Ba a yi wa shara rami mai zurfin gwiwa."

Ta jefar da tsintsiyar ta ɗauko fartanya ta tona da kanta. Kaji biyu ne na gida, ɗaya baƙa ɗaya wake-wake. Maitama ya duba wuyansu. Haƙoran muzuru ne, ba shakka.

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Ka ga abin da suka yi wa waccan da safe? In na ce kazata ta mutu, wa zai tsaya jin muzuru ne?"

"Yaushe kika binne su?"

"Kafin gari ya waye."

"To kina nan waje. Me kika ji?"

"Na ji ƙarar baro a lungu. Sau biyu. Na ɗauka mai ruwa ne."

"Lokacin Zaituna ta fita?"

"Ta fita, na ji ƙofarta. Ana cikin sallah a masallaci, ina jin liman a lasifika."

"Ba ki leƙa ba?"

"Ina ɓoye nawa, zan leƙa na wani?"

Jajayen kajinta na cikin keji, Maitama ya ƙirga su ta waya. Ashirin ne, kamar yadda ya sani. Amma akwai wani ɗaki a rufe da ta ce na doya ne, ta kuma ce makullin na hannun mijinta. Ita ma ya sayi ƙwai biyu a wurinta.

* * *

Hantsi ya yi sosai lokacin da ya zauna a teburin Saleh mai shayi. Mutum uku ke kwasar dusar katako, kuma a biyun da ya riga ya je wa, ko ɗaya bai buɗe masa ƙofa duka ba. Ko da sun buɗe, me zai nuna? Jar kaza jar kaza ce. Kowa zai ce tasa ce.

"Baba, ka yi shiru," in ji Saleh yana sheƙa shayi. "Wallahi abin nan ni ma ya shafe ni. Ƙwan Zaituna nake soyawa. Akwai direbobin da in ba shi ba ne ba sa ci."

"Ƙwai ai ƙwai ne."

"Ina! Nata daban ne. In ka fasa, gwaiduwar ja ce kamar an ɗiga manja. Na kowa a layin nan fari-fari ne, abincin buhu suke ba su."

Maitama ya ajiye kofin. "Ita me take ba su?"

"Ragowar tattasai da attarugun ƙosai, da ganyen zogale, da gindin manja. Wai yana ɗumama musu jiki. Oga Badaru har dariya ya yi mata a taro, ya ce babu wannan a littafi."

"In aka ɗauke kaza daga gidanta yau, ƙwan da za ta saka fa?"

"Ai wanda ke cikinta ya riga ya haɗu. Sai ta yi kwanaki tana cin wani abincin kafin ya koɗe." Saleh ya tsaya da butar a sama. "Baba, me kake tunani?"

"Ina tunanin ka wanke min fararen faranti huɗu kafin la'asar."

* * *

Gidan Badaruddeen nasa ne na kansa, da katanga da get. Matarsa Mashkura ke sayar da ƙwai a ɗan teburi daga ciki. Ta gaishe da Maitama da ladabi.

"Na yau nake so, Hajiya. Guda shida."

"Yanzu na kwaso su, Baba, wasu ma da ɗuminsu. Yau shi da kansa ya kwaso na ɗakin baya, ni na kwaso na gaba."

Ta zuba masa a leda. Daga inda yake tsaye yana hango ɗakunan kajin guda biyu. Na gaba tagoginsa a buɗe suke, waya kawai. Na baya kuwa akwai layin ƙusoshi a kewaye da kowace taga, da guntayen shuɗin tamfol maƙale a jiki, alamar ba a daɗe da yage shi ba.

Badaruddeen ya fito yana gyara tabarau. "Malam Maitama, an gano wani abu?"

"Ana dai dubawa, Yallaɓai. Ko zan leƙa kajinka?"

"Ka taɓa mushe da safe. Dokar kiwo ba ta yarda ka shiga ba. Kai ma ka sani."

"Gaskiya ne."

"Na ji an ce baron Thaddeus aka gani." Ya rage murya. "Ban so in faɗa ba, amma mutumin nan kwanan nan yana neman kajin da zai sayar na Kirsimeti ido rufe."

Maitama bai ce wa kowa ya ga sawun baro ba sai Zaituna, da waɗanda ya tambaya. Amma magana a layi ba ta da wuyar yawo, don haka bai ɗora komai a kan wannan ba. Ya biya kuɗin ƙwai ya fita.

* * *

Bayan la'asar layin duka ya hallara a rumfar Saleh. Wani har ya zo da galan ɗin kananzir. Maitama ya sa Zaituna, Larai, Thaddeus da Badaruddeen suka zauna a benci ɗaya. Mashkura na tsaye cikin mata.

Ya faɗa musu abin da ya gani, a taƙaice: matattun sun kwana biyu, da dusar katako a ƙafarsu, an kawo su a baro lokacin da ake sallar asuba, an kwashi masu rai.

Kafin ya rufe baki hayaniya ta tashi.

"Baron wa?"

"Na Thaddeus mana! Dusar ma tasa ce!"

"Kuma ana sallah. Wa ba ya zuwa masallaci?"

Samari biyu suka matso. Thaddeus ya miƙe. "Na rantse da Allah, ban taɓa kazan matar nan ba!"

"Ku zauna," in ji Maitama. Bai ɗaga murya ba, amma ya shiga tsakani. "Rashin zuwa masallaci ba shaida ba ne. Ko cikinku nawa ne sanyi ya hana fitowa yau? Saleh, kawo farantan."

Aka jera fararen faranti huɗu. Maitama ya fito da ƙwai, kowanne da alamar gawayi a jikinsa.

"Wannan na ragowar kajin Zaituna ne."

Saleh ya fasa biyu. Gwaiduwar ta zauna a farantin, ja jawur. Waɗanda ke cin ƙwai a teburin suka gyaɗa kai. Sun san shi.

"Ba mai ba kaji tattasai da manja a layin nan sai ita. Duk gidan da kajinta suka wuni, yau an saka irin wannan a can. Na Larai."

Fari-fari, duka biyun. Larai ta saki numfashi.

"Na Thaddeus."

Saleh ya fasa na farko. Fari-fari. Na biyu ma haka. Thaddeus ya koma ya zauna.

"Na Yallaɓai. Hajiya Mashkura, waɗannan ne kika sayar min ɗazu?"

"Su ne, Baba."

Na farko fari-fari. Na biyu fari-fari. Badaruddeen ya dubi agogonsa. "Malam Maitama, muna ɓata lokaci da wasan yara."

Saleh ya fasa na uku. Ja.

Na huɗu ja. Na biyar fari-fari. Na shida ja.

"Na canza musu abinci," in ji Badaruddeen da sauri. "Akwai wani sabon haɗi da nake gwadawa."

"Yaushe?"

"Makon jiya."

"Duka sittin ɗin?"

"Na ɗakin baya kawai."

"To sai mu je mu ga buhun."

Badaruddeen bai motsa ba. Daga cikin mata aka ji muryar Mashkura, ƙasa-ƙasa, kamar da kanta take magana. "Ba wani sabon buhu a gidan. Ni nake auna abincin." Ta ɗago ta dubi mijinta. "Tun ranar Laraba ka hana ni shiga ɗakin baya. Ka ce feshi ka yi."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ranar Laraba na buɗe na tarar da su," ya ce a ƙarshe. "Goma sha takwas, a dare ɗaya. Ni da nake koya wa kowa. In aka ji daga gidana ta fito, da wane ido zan dubi mutane? Kuma za a kashe sauran. Na yi niyyar in taimaka mata daga baya. Wallahi na yi niyya."

"Ranar Talata ka sayi gawayi buhu biyu a wurina," in ji Maitama. "Ka rufe tagogin ɗakin baya da tamfol, ko ba haka ba?"

"Sanyi ya yi yawa a daren."

"Ka kunna wuta ka toshe ko'ina. Ni ba likita ba ne, amma na duba su. Zankonsu bai yi baƙi ba, ba majina, ba kumburi. Na taɓa ganin irin wannan a ɗakin 'yan tsaki. Hayaƙin gawayi ne ya shaƙe su, ba mura ba. Da ka buɗe baki ka faɗa, da sai dai a yi maka jaje."

Badaruddeen ya ɗago kai da sauri. A fuskarsa har an ga alamar sauƙi.

Zaituna ce ta miƙe.

"Yallaɓai, ina da tambaya. Lokacin da kake zuba su a ɗakina, ka san hayaƙi ne?"

"Ban sani ba."

"Ka ɗauka cutar ce."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ɗauka cutar ce, ka ɗauko ta da hannunka ka zuba cikin sauran kajina. A gidan da tsohuwa take kwance. Sannan ka dawo da farar riga ka ce a ƙone min su."

Wanda ya zo da kananzir ya ja galan ɗinsa baya da ƙafa. Wasu suka ce a kira 'yan sanda, wasu suka ce in hukuma ta shigo kowa zai yi asara. Aka dubi Zaituna.

"Ba na son kowa ya rasa kazarsa saboda ni," ta ce. "A kira likitan dabbobi ya duba, hankalin kowa ya kwanta. Ni kajina nake so." Sai ta juya wajen Larai. "Mama Larai, na yi miki ƙazafi a gaban mutane. A gabansu nake roƙon ki yafe min."

Larai ta gyara ɗaurin zaninta. "Na ji," ta ce. Ba ta ƙara ba, amma ita ce ta je gida ta ɗauko manyan kwanduna biyu.

* * *

Mashkura ce ta buɗe musu ɗakin baya. Goma sha bakwai suka samu a tsaye. Ɗaya na kwance a bayan ƙofa, ta shaƙe tun a cikin buhun da aka ɗauko su. Mashkura ta shiga ɗakin gaba ta kamo mafi girma a cikin nasu ta miƙa, idonta cike da hawaye.

"Ki karɓi wannan, don Allah."

"Ba ke kika ɗauka ba, Hajiya," in ji Zaituna. "In zai mayar, ya kawo da hannunsa."

Washegari likitan dabbobi ya zo daga Karu, ya duba, ya ɗauki abin da zai ɗauka. Bayan kwana uku ya aiko cewa ba mura ba ce. Ƙungiya ta zauna ta sauke Badaruddeen ba tare da ya halarta ba. Samarin da suka matsa wa Thaddeus, Maitama ya kai su rumfarsa da kansa suka ba shi haƙuri.

Ana jajiberin Sallah, da hantsi, Badaruddeen ya fito daga gidansa da jar kaza a hammata. Ya bi layin daga farko har ƙarshe. Mutane na zaune a ƙofar gidajensu, ba wanda ya gaishe shi, ba kuma wanda ya ce masa komai. Maitama na sauke gawayi a gidan Zaituna lokacin da ya yi sallama.

Mahaifiyar Zaituna na zaune a tabarma tana shan hantsi. Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru; an ce mata dai wasu kaji sun mutu. Ta ga babban mutum tsaye da kaza, fuskarta ta washe.

"Zaituna, kawo masa kujera! Ɗan nan, jaje ka zo yi mana har da kaza? Kai, Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka maƙwabci irinka."

Badaruddeen ya dubi Zaituna, yana jiran ta faɗa wa tsohuwar gaskiya.

Zaituna ta karɓi kazar daga hannunsa, ta duba ƙafafunta da ƙarƙashin fiffike. Sannan ta sunkuya daidai kunnen tsohuwar ta ɗaga murya.

"Ya ji, Inna. Ya ce amin."

Bai zauna a kujerar ba. Kafin ƙarshen Janairu ya sa gidan a haya, suka koma wata unguwa.